Ƙanina yana son barin giya amma fargaba ta hana shi: yaushe ake fara samun sauƙi?

Yayan Mai Ciwo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka san abin nan nake nema. Don Allah ban da wa'azi, an yi masa ya ji, shi da kansa yake son ya bari.

Ƙanina ne, shekararsa 34, da matarsa da 'ya'ya biyu. Ya kai shekara biyar yana sha kullum da daddare, manyan kwalabe huɗu zuwa shida, ranar Asabar da Lahadi ya ɗora da na leda. Ya ce faɗuwar gaba ce ta kai shi tun farko, in ya sha sai ya ji zuciyarsa ta kwanta. Sau biyu ya gwada bari, duka biyun bai wuce kwana biyu ba: hannu na rawa, zufa na karyo masa, zuciya na bugawa kamar za ta fito, barci ya ƙaurace masa, sai ya koma. Yanzu ya sa wa ransa cewa fargabar ciwo ce wadda giya kaɗai ke kwantar da ita.

Tambayata: giyar ce ke jawo fargabar ko dama can tana nan? In ya bari, kwana nawa ko wata nawa kafin ya ji daidai? Kuma ya yanke lokaci ɗaya ne ko yaya? Wasu a gida suna cewa a kulle shi a ɗaki mako guda a huta.

Anti Nas:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da zancen kullewa, don shi ne mai iya kisa. Kada ku kulle shi. Mai shan wiwi ko taba in ya yanke rana ɗaya zai wahala amma ba zai mutu ba. Giya ba haka take ba. Wanda jikinsa ya saba da ita kullum, yankewar farat ɗaya tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da mummunar ruɗewa, kuma ana mutuwa.

Ku fara da lissafin abin da yake sha, don shi likita zai fara tambaya. Ana ninka yawan mililita da ƙarfin giyar da ke rubuce jikin kwalba, a raba da 1000, abin da ya fito shi ne ma'auni. Babbar kwalba mililita 600 ce, in ƙarfinta kashi 5 ne, ma'auni 3 ke nan. Baƙar giya mai kashi 7.5 a irin wannan kwalbar ma'auni 4 da rabi. Ta leda mai mililita 30 da ƙarfi kashi 40 ta ɗan haura ma'auni 1. Burukutu da ogogoro ba su da rubutu, ƙarfinsu ya danganta da wanda ya dafa, sai dai a faɗa wa likita yawan ƙwarya ko kofi. Ƙaninku mai kwalba huɗu zuwa shida yana tsakanin ma'auni 12 da 18 a rana, ban da na ƙarshen mako. A ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi, wanda ya wuce 15 a rana sai an duba shi kafin ya bari, wanda ya wuce 30 kuwa gado ake ba shi. Ga shi kuma hannunsa yana rawa in bai sha ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna jikin ya kamu. Ku ƙara wani abu a kan abin da ya faɗa muku, don da wuya mashayi ya faɗi adadin gaskiya a karon farko.

Ga yadda kwanakin farko suke tafiya, a ƙirga daga kurɓar ƙarshe. Daga awa 6 zuwa 24 rawar hannu ke farawa, da zufa, tashin zuciya, ciwon kai, bugun zuciya da fargaba mai tsanani. Jijjiga in za ta zo, galibi tsakanin awa 6 da 48 take zuwa. A wannan tsakanin wasu suna fara gane-gane ko jin muryoyi ko jin kamar ƙwari na bin fatarsu, alhali sun san inda suke. Mafi hatsari shi ne daga ƙarshen rana ta biyu zuwa ta huɗu, wato awa 48 zuwa 96, lokacin da ruɗewa mai tsanani ke iya zuwa: mutum bai san inda yake ba, bai gane matarsa ba, jiki ya yi zafi, zufa sharkaf, yana sambatu yana fizge-fizge, abin ya fi tsananta da dare. Mutane kaɗan ne abin ke kai su nan, amma ba a sanin waye sai ya faru. Daga rana ta biyar zuwa ta bakwai yawancin alamomin jiki sun lafa. To kun ga inda ƙaninku yake karyewa: rana ta biyu, daidai lokacin da abin ke kan ganiyarsa. Bai taɓa tsallake wurin ba balle ya ga abin da ke bayansa.

Akwai waɗanda ba a yarda su yi wannan a gida ba ko da magani: wanda ya taɓa jijjiga ko ruɗewa a gwajin baya, mai farfaɗiya, mai ciwon hanta ko zuciya ko siga da bai daidaita ba, mace mai ciki, tsoho, wanda ke haɗawa da ƙwayoyin barci ko tiramol, wanda ya rame ba ya cin abinci, wanda ba shi da mai kwana da shi, da wanda ya taɓa zancen kashe kansa. Ku tambayi matarsa dalla-dalla abin da ya faru a gwaji biyun nan, ko ya taɓa faɗuwa, ko ya farka da cizon harshe ko fitsarin kwance. Kuma ku sani, kowace yankewa da komawa tana sa ta gaba ta fi tsanani, shi ya sa ba a son a yi ta gwaji barkatai.

A asibiti abin da ake yi ba ɓoyayye ba ne. Za a auna jini da bugun zuciya da siga, a duba hanta da gishirin jini. In akwai zazzaɓi a gwada maleriya, don tana iya ɓuya a bayan wannan. Sai a ba shi magani daga dangin diazepam na kwana biyar zuwa bakwai, ana ragewa kullum har ya ƙare, in hanta ta taɓu a canza masa da lorazepam. Sai bitamin B1, wanda giya ke ƙarar da shi a jiki. A gida ana shan miligram 100 sau biyu ko uku a rana, wanda ya rame kuwa allurarsa ake yi masa. Wannan bitamin ba ado ba ne. Rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya ruɗe, tafiya ta zama tangaɗi, ido ya riƙa rawa ko ya ga abu bibbiyu, in aka yi sakaci ya bar mantuwar da ba ta warkewa. Saboda haka in za a sa masa ƙarin ruwa mai siga, ku tuna wa mai sawa cewa mashayi ne, a haɗa da B1. Irin ruwan da ake kira wani ya zo ya ɗaura a gida ba tare da wannan ba yana iya ta da ciwon.

In ya jijjiga a gabanku: ku kwantar da shi ta gefe, ku janye abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja ko rubutu yana cikin wannan hali, zai shaƙe. Da ta lafa a tafi asibiti ko da ya ce ya warke. In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ba jira.

Inda za ku: kowane babban asibiti yana iya wannan. Asibitocin ƙwaƙwalwa sun fi sabawa da shi, irin na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, haka sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jos. Likita ba Hisba ba ne, sirrin mara lafiya yana cikin aikinsa. Kafin ku samu ganin likitan, kada ya yanke. In dole ya rage da kansa, kada ragin ya wuce kashi ɗaya cikin goma a rana. Na san wannan maganar tana da nauyi a kunnen iyali, amma hanyar da zai ajiye kwalba rana ɗaya bai sake kurɓa ba ita ce ta asibiti, don maganin ne ke tsaya masa a madadinta.

Likitan Unguwa:

Anti Nas ta gama da makon farko. Ni zan tsaya kan fargabar, don a nan ƙanin naku ya yi wa kansa gurguwar fahimta, kuma ba laifinsa ba ne, abin da jikinsa ya nuna masa ke nan.

Ƙwaƙwalwa tana da burki tana da totur. Sinadarin burkin ana kiransa GABA, na totur kuma glutamate. Giya tana danna burki, ta sassauta totur, shi ne natsuwar da yake ji bayan kwalba ta biyu. In aka yi haka kullum tsawon shekaru, ƙwaƙwalwa ba ta yarda a bar ta a danne, sai ta rage ƙarfin burkinta ta ƙara wa totur wuta don ta daidaita. Da giyar ta fara janyewa daga jini, sai a bar mutum da totur a matse da burki mara kamu. Wannan shi ne farkawar ƙarfe uku na dare da gaba na dukan uku-uku, shi ne rawar hannun safe, shi ne ƙuncin da ke taruwa da la'asar har ya kai shi mashaya bayan magariba. Fargabar da kwalbar yau ke kwantarwa, yawancinta kwalbar jiya ce ta haife ta.

Yaushe sauƙi? Kwana uku na farko fargabar za ta fi ta lokacin da yake sha muni, ku gaya masa wannan tun kafin ya fara don kada ya ɗauka alamar kuskure ce. Ƙarshen makon farko jiki ya daina rawa amma zuciya ba ta kwanta ba, ga saurin fushi, abu kaɗan ya tunzura shi. Mako na biyu yana da yaudara, wasu sukan ji garau kwana biyu su ɗauka an gama, sai rana ta uku ta zo da ƙunci. Tsakanin mako na uku da na huɗu ne yawancin mutane ke ganin fargabar ta ragu ƙwarai, in dai giya ce tushenta. Shi ya sa likitoci ba sa yanke hukuncin cewa mutum yana da ciwon fargaba mai zaman kansa sai ya yi mako uku zuwa huɗu bai sha ba. Bayan wata ɗaya abin da ya rage yakan zo ne jefi-jefi: kwana goma lafiya, kwana biyu ƙunci da kasala da rashin jin daɗin komai, sai ya wuce. Wannan yana iya ɗaukar watanni, amma tazarar tana ƙara faɗi, ranakun ƙuncin suna gajarta. Barci shi ne na ƙarshen dawowa.

Tunda sauƙin ba a miƙe yake zuwa ba, ƙwaƙwalwar mai fargaba kuma mugun yini kawai take riƙewa, to a rubuta. Ya samu ɗan littafi, kowane dare ya ba fargabar yinin maki daga 0 zuwa 10, ya rubuta awa nawa ya yi barci. Kada ya gwada yau da jiya, ya tara makin mako ya gwada da na makon baya. A asibiti akwai takarda mai tambaya bakwai da ake kira GAD-7, makinta daga 0 zuwa 21, daga 10 zuwa sama ana ɗauka abin ya kai a yi magani. Yana da kyau a cike ta a mako na farko da na huɗu.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Kun ce faɗuwar gaba ce ta kai shi tun farko, saboda haka zai yiwu akwai ciwon asali a ƙarƙashi, giya ta zo ta ninka shi. Abin da ake tambaya: tun yana saurayi yana da ita, kafin ya san giya? Akwai mai irinta a dangi? Tana da wurin da take tashi, kamar shiga taro ko magana gaban manya, ko kuwa farmaki take kawowa ba dalili, ya ji kamar zai mutu? In ya cika wata ɗaya bai sha ba kuma tana nan da ƙarfinta, ciwon asali ne, kuma yana da magani. Kafin nan a duba abubuwan da ke kwaikwayonta: halittar wuyan nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo (thyroid) in tana aiki fiye da kima, ƙarancin jini, faɗuwar siga, da bugun zuciya mara tsari.

Maganin ciwon asalin iri biyu ne. Akwai zama da masanin halayya, sau ɗaya a mako, wajen zama 12 zuwa 15, inda ake koya wa mutum kama tunanin da ke hura wutar da kuma tunkarar abin da yake gudu kaɗan-kaɗan. Akwai kuma ƙwaya irin su sertraline ko fluoxetine. Abin da ke ɓata wannan maganin rashin bayani ne. Ba ya aiki ranar da aka sha, sai mako biyu zuwa shida, kuma a mako ɗaya ko biyu na farko yakan ƙara fargabar da tashin zuciya, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Da yawa a nan suke watsar da shi su ce bai karɓe su ba. In ya karɓa ana ci gaba wata shida zuwa shekara, ranar bari kuma a hankali ake janyewa.

Abu ɗaya ba ya jiran wata ɗaya: in ya fara cewa gara ya mutu, ko mutuwarsa ta fi amfani, ku kai shi a ranar, ku kwashe magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai.

Yayan Mai Ciwo:

Allah ya saka da alheri Anti, na gode Likita. Na tambayi matarsa, ta ce bai taɓa jijjiga ba, amma a gwaji na biyu ya ce yana ganin ƙadangaru a bango da dare. Za mu kai shi ranar Litinin in Allah ya yarda. Sai dai wani abokinsa ya kawo masa ƙwayar D5 daga kemis, ya ce ai ita ce dai za a ba shi a asibitin, ya sha biyu da dare ya huta da layi. Tunda Anti ta ambaci diazepam, ko ya fara da ita kafin Litinin?

Mai Harhaɗa Magani:

A'a Malam, ku karɓe ta daga hannunsa yau. Kuma zancen ƙadangarun nan ku faɗa wa likita da bakinku, kada ku bar shi ya manta ko ya ji kunya, don yana iya sa a ba shi gado maimakon a sallame shi da magani.

Gaskiya ne D5 diazepam ce mai miligram 5, amma sunan ne kawai ɗaya. A asibiti ana auna alamominsa a ba shi gwargwadon su, farko da yawa, kullum ana ragewa, a rufe cikin mako guda, kuma da sharaɗin babu giya ko kurɓa ɗaya. In an sallame shi da ita gida, matarsa ko ku ake damƙa wa, ana ba shi na yini ɗaya kawai. Biyu da dare da abokin ya ce ba lallai su isa hana jijjiga ga mai shan irin nasa ba, amma sun isa su yi ɓarna in ya ɗora su kan kwalba biyar, don ita da giya burki ɗaya suke dannawa, numfashi yana iya tsayawa cikin barci. Sannan wanda ya sha ta kullum na 'yan makonni jikinsa ya kamu da ita, kuma barin ta ya fi barin giya daɗewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙwayar barcin nan da ake kira Roci ma haka, pregabalin ma da ake sayarwa da sunan maganin jijiya haka.

Tiramol da kodin ku tambaye shi a keɓe ko yana taɓawa, ba a gaban matarsa ba. Dalili uku. Tiramol da kanta tana jawo jijjiga, to ga ta ga yankewar giya. In aka haɗa ta da sertraline ko fluoxetine tana iya kawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Na uku, akwai maganin rage kwaɗayin giya da ake kira naltrexone, miligram 50 a rana, wanda in aka ba mai shan tiramol ko kodin zai jefa shi cikin azabar yankewa nan take. Sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 babu su kafin a fara, kuma sai an duba hanta. Ɗayan maganin kwaɗayin shi ne acamprosate, miligram 666 sau uku a rana ga wanda ya haura kilo 60, shi kuma ƙoda ake dubawa. Ana fara su ne bayan makon farko, ana sha watanni. Ba kowane kantin magani ke ajiye su ba, ku tambayi likita wanda ake samu a garinku kafin a rubuta. Akwai disulfiram mai sa mutum amai da bugun zuciya in ya sha giya a kai. Kada wani ya ba ku shawarar zuba masa a abinci a ɓoye, ana iya rasa rai.

Amitriptyline tana da araha kuma ana yawan ba da ita don barci, amma ba ta dace da makon farko ba, tana sauƙaƙa jijjiga, kuma in mai ƙunci ya haɗiye da yawa tana tsayar da zuciya. Propranolol tana rage bugun zuciya da rawar hannu amma ba ta hana jijjiga, sai ma ta ɓoye alamomin da ake kallo, mai asma kuwa ba ya shan ta. Na ciwon kai, paracetamol kada ta wuce giram 2 a rana ga wanda hantarsa ta sha giya, wato ƙwaya huɗu masu miligram 500. Ibuprofen da diclofenac a bar su, cikin mashayi a gurje yake, suna iya sa shi aman jini. Ruwan jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a kwalba da sunan maganin basir ko ƙarfin maza kuma a karanta jikinsu, da yawa barasa ce tsagwaronta.

Malam Na Tudu:

Ban ƙi lissafin Likita ba, amma mako uku zuwa huɗun nan ga wanda ya gyara sauran abubuwa ne. Mutum ya bar giya ya koma shan Nescafe kofi huɗu, ga goro, ga lemon ƙara kuzari, ga shayin ataya har sha biyun dare, sannan ya ce wata guda ya cika fargaba ba ta tafi ba. Sinadarin da ke cikin waɗannan yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya fita daga jini, kuma aikinsa ke nan, bugun zuciya da hana barci. Daga azahar a rufe su. Taba ma tana tayar da bugun zuciya, ko da mai shan ta yana jin kamar tana kwantar masa.

Yunwa ita ma tana shigar burtu. Siga in ya faɗi, rawar jiki da zufa da faɗuwar gaba yake kawowa, mutum ya ɗauka ciwon ne ya dawo. Ya ci sau uku ko ba ya jin ci, da safe ko koko da ƙosai ne, ya ci wani abu mai nauyi da la'asar kafin lokacin da ya saba fita. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi. Zai yi kwaɗayin zaƙi a makonnin farko, a bar shi, ba yanzu ake wannan faɗan ba.

Barci: giya tana danne barcin mafarki, in aka bari sai ya dawo da ramuwa, mafarkai masu firgitarwa, har ya yi mafarkin yana sha ya farka a tsorace. Ba alamar komai ba ne, yana lafawa. Ya tsayar da lokacin tashi ɗaya, asuba ta wadatar, ko da awa uku ya samu. Ƙailula kada ta wuce minti 30. In ya kwanta minti 20 barci bai zo ba ya tashi ya zauna a wuri mai duhu-duhu ba waya, sai ya ji gyangyaɗi ya koma. Wanda ya kwanta yana juyi yana ƙirga awa, gadon kansa yakan zame masa abin fargaba.

In farmakin ya zo, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, minti biyar. Fitarwar ce mai aikin, kada ya yi ta zuƙar iska da ƙarfi, wannan ke kawo jiri da jin kamar ana tsikarar yatsu. Farmakin yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti goma ya fara sauka. Kwaɗayin giya ma haka, yana tasowa ya lafa cikin minti 15 zuwa 30 in ba a biye masa ba. Amma ya koyi numfashin nan da rana lokacin da yake lafiya, sau biyu kullum, ba ranar gobara ake haƙa rijiya ba. Tafiyar ƙafa da sauri minti 30 a yini, in son samu ne da yamma.

Tsakanin magariba da sha ɗayan dare shi ne filin daga. Awa huɗu ne da ya saba cikawa da abu ɗaya shekara biyar, in aka bar su fanko za su ja shi. Ku tsara inda zai kasance da wanda zai zauna da shi kowane dare na watan farko, da suna, ba "za mu riƙa leƙa shi" ba. Ya canza hanyar dawowa daga aiki, kuɗin aljihu su ragu, ranar albashi kada ya kasance shi kaɗai. Wata ukun farko aka fi komawa. In ya zame dare ɗaya, washegari ya faɗa, a ci gaba, sauƙin da ƙwaƙwalwa ta samu bai goge ba. In ya koma kwana da kwanaki a jere, to kada ya sake yankewa da kansa, a koma wurin likita.

Anti Nas:

Ƙari kan shirin Litinin. Ku tafi da safe da matarsa, da takardar lissafin abin da yake sha, da lokacin da ya yi kurɓar ƙarshe, da duk ƙwayar da ke ɗakinsa a leda har da D5 ɗin. Ya nemi hutun mako guda a wurin aiki, ba tuƙin mota ko babur, ba hawa sama, har sai ya gama maganin. Azumin nafila ma ya dakata a wannan makon, yana buƙatar ruwa da abinci da magani a kan lokaci. Kuma ku riƙe wannan don gaba: masu yanke giya daren da aka ga watan Ramadan, su ne ake kawowa rana ta biyu ko ta uku suna jijjiga ana cewa iskoki ne. In an sallame ku gida, kwana huɗun farko a samu mai kwana ɗaki ɗaya da shi, da mota ko mai adaidaita da za a iya kira da tsakar dare.